Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a Njamena: ki koya mata miyar

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Hajiya da sauran mutanen gida. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama. Babanki yana gaishe ki.

Na saurari saƙonki, na ga amsarsa ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zaunar da ƙaninki yana rubutawa ina faɗa. Kin ce ƙanwar mijinki ta roƙe ki ki koya mata miyar yakuwarmu, wata ƙawarki kuma ta hana ki, wai abin da mace ke riƙe miji da shi ba ta sakinsa. Ki koya mata, kuma duka. Na san matan da ke lissafa kayan haɗi su ɓoye guda ɗaya, don in an gwada kada ta yi daɗi. Rowa ce tsagwaronta, kuma ranar da aka gano, da wane ido za ki kalli dangin mijinki?

Miyar nan ma ai ba da ita aka haife mu ba. Kakarki, Allah ya jiƙanta, a unguwar Hausare ta koye ta wajen wata maƙwabciyarta Bafulatana, kuma da nama suke yi. Kifin da kika tashi kika gani a ciki daga baya ya shigo, bayan an gama dam ɗin Lagdo a 1982, banda ta wadata a kasuwa. Yawan gyaɗar kuwa ni na ƙara. Da waccan baiwar Allah ta ɓoye, da yau ba ki da abin da ake roƙonki.

To ga yadda za ki nuna mata, don na san ki da gaggawa. Ki tsinke ganyen, ki wanke, ki tafasa shi daban, ki zubar da ruwan farko don tsami ya ragu. In yakuwar ta tsufa, ki jiƙa 'yar kanwa ki tace, ruwan kaɗai za ki ɗiga. In ta yi yawa miyar za ta yi duhu, ɗanɗanonta ya mutu. Bandar ki jiƙa ta a ruwan zafi, ki ɓare, ki cire ƙaya da kayan ciki, ki bi ta da yatsa har ki daina jin yashi. Albasa da attaruhu da daddawa a turmi, ba a inji ba. Sai gyaɗar, nan ne mafi yawan mata ke faɗuwa. Ki dama ta da ruwan ɗumi, ki zuba, ki rage wuta, ki tsaya a kanta kina juyawa don kada ta kama. Za ki ga ta yi kauri tana huci, sannan mai ya fara tasowa a gefen tukunya. Sai kin ga man nan ganye zai shiga. Wadda ta riga shi, gafin gyaɗa za a ji har loma ta ƙarshe.

Kada ki tura mata wannan ta waya. Ki kira ta madafa, ki miƙa mata ludayi, ta ɗanɗana da bakinta a kowane mataki. Gishiri da kanwa a tafin hannu ake koyonsu.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Kin ce warin kawal na hana ki zama idan Hajiya ta ɗora miya, har kina komawa ɗaki. Ki daina, ɗiyata, ana lura. Kawal ɗin nan tafasa ce, wadda muke kwaɗo da ita da damina; su dakawa suke yi, su danna a tukunyar ƙasa, su binne wajen mako 2, sannan su dunƙula su shanya. Daddawarmu ma haka take bugun hancin wanda bai saba ba. Ki je ki durƙusa kusa da ita idan tana shafa kisar, ki kalli yadda take jan ƙullun da sauri har ya yi siriri, ya fi sinasir ɗinmu nesa. Ki tambaye ta yadda ake dakan sharmut, wato busasshen naman da suke miya da shi, da lokacin da busasshiyar kuɓewa ke shiga. Dattijuwa in suruka ta ce mata "ki koya mini", ta gama girmama ta. Da abincin nan ta reni mijinki, ranar da ya ci irinsa daga hannunki zai san kin shigo gidan da zuciya ɗaya. Kuma kada ki taɓa tambayarsa girkin wa ya fi daɗi, naki ko na mahaifiyarsa. Kowace amsa ya bayar, wata za ta ji ciwo.

Batun cefane, in bai isa ba ki faɗa masa a fili cikin ladabi. Ban yarda ki ci bashi a ɓoye don a yaba tukunyarki ba. In kin sauke, ki zuba wa maƙwabta ko da kaɗan ne, kin dai san zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Na haɗa miki kuka sabon daka, da daddawa, da banda, da garin masakwa, da man girki na Diamaor lita 5. Direban zai tsaya a Kuseri, sai maigidanki ya tura yaro ya tsallaka gadar Ngeli ya karɓo. Hanyar Mora ba ta da kyau, kada ki damu in kayan sun yi jinkiri. Kukar ki juye ta a mazubi mai murfi, nesa da rana da danshi. Ki raba komai biyu, rabi ki kai wa Hajiya da hannunki, ki ce ina gaishe ta da kyau. In kaya sun iso ki kira ni.

Allah ya yi miki albarka, ya zaunar da ku lafiya.

Innarki