Wasiƙar Godiya Ga Masu Gyaran Manyan Talabijin Na Plasma A Birnin Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Maigida Injiniya da yaran shagonsa, masu gyaran manyan talabijin na plasma ta wajen Ƙofar Ƙaura. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali da ma'aikata kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Mu ne masu kafa dish da rataya talabijin a gidajen kallon ƙwallo da ɗakunan taro, tare da wasu ƙananan masu gyara na cikin gari da ke turo muku aikin da ya fi ƙarfinsu. Mun zaɓi mu yi wannan godiya a bainar jama'a, don yabon gwani ya zama dole, kuma don mai tsohuwar plasma da ta ƙi kawo hoto ya san abin da ake kira gyara kafin ya miƙa ta ga wanda zai ƙarasa ta.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami abu ɗaya ne: a shagonku ba a canza kaya sai an auna. Wanda bai san aikin ba zai ce ai wannan ba wani abin yabo ba ne. Wanda ya taɓa sayen fanel mai tsada, wato allon kayan wuta na cikin talabijin, ya ɗaura, ya kunna, ya ji ƙauri kafin ya ƙifta ido, shi ya san nauyin maganar.

Farko dai mun gode da kuka kashe tatsuniyar ƙarin gas. An daɗe ana karɓar kuɗin mutane da sunan wai gas ɗin plasma ya ƙare, za a ɗura mata wani kamar firji. Fuskar plasma gilashi biyu ne a manne, a tsakaninsu akwai ƙananan ɗakuna cike da iskar niyon da zinon. Mai cikakken HD tana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, kowane ɗigo kuma ɗaki uku ne, ja da kore da shuɗi, ka ga ɗakunan sun haura miliyan 6. In wuta ta bugi iskar, sai ta fitar da hasken da ido ba ya gani, shi kuma ya tayar da garin launin da aka shafe ɗakunan da shi. Tun daga masana'anta aka toshe gilashin, babu bakin ɗuri. In ya tsage, ko ɗan nonon gilashin da ke bayansa ya karye iska ta shiga, magana ta ƙare. Kuna faɗa wa mai kaya haka kai tsaye, ba ku karɓi ko sisi da sunan gwaji ba.

Sai yadda kuke fara aiki. Kafin a kwance dunƙule ko ɗaya, yaronku yakan kunna talabijin ɗin ya tsaya ya saurara. Rile, ɗan makunnin da ke cikin fanel ɗin wuta, ya yi ƙas ya tsaya, ko ya yi ƙas ya sake saki? Akwai murya babu hoto, ko duka babu? Jar fitilar gaba tana ƙiftawa sau nawa? A yawancin Panasonic ƙiftawa 7 tana nuna fanel ɗin SC ko bafofinsa SU da SD, siraran fanel ɗin da ke haɗa shi da gilashi, 8 tana nuna fanel ɗin SS, 11 kuma fanka ce ta tsaya. Ana rubuta adadin a takarda a manna a bayan talabijin ɗin. Bayan an cire soket, ba a kai hannu ciki sai an sa mita a manyan kafasito, masu adana wuta, na fanel ɗin wuta, don suna riƙe kusan bolt 400 ko da an kashe. Ku da rizisto kuke sauke wannan wuta a hankali. Masu haɗa ƙafafun kafasito da sukurdireba har ya yi tartsatsi, Allah ya shirye su, suna ƙona layin fanel, wata rana kuma hannunsu ne.

Inda muka fi so mu tsaya shi ne fanel ɗin Y, wanda LG ke kira Y-SUS, Samsung ke kira Y-Main, Panasonic kuma SC. Shi ne ya fi mutuwa a manyan plasma, don shi ke ɗaukar wutar Vs mai haskaka ɗakunan gilashin, wadda takan kasance tsakanin bolt 170 da 210, yana kunna ta yana kashewa ba hutu muddin hoto yana fuska. In taransisto ɗaya a cikinsa ya haɗe, fanel ɗin wuta yakan ji nauyi ya kashe kansa, shi ne ƙas-ƙas ɗin da mutane ke ji. Hanyarku ta gano shi ba ta da hayaniya: a zare wayar Vs da ke zuwa fanel ɗin Y, a ga ko wuta za ta tsaya, in ba ta tsaya ba a mayar, a zare ta fanel ɗin X, wanda LG ke kira Z-SUS, Panasonic kuma SS. Wanda aka cire wuta ta zauna, shi ne mai laifi.

To amma mai laifi ba lalle shi ya fara ba, kuma a nan gwani ke rabuwa da mai canza kaya. Tsakanin fanel ɗin Y da gilashi akwai bafa, siraran fanel dogaye, galibi na sama da na ƙasa, ɗauke da jerin IC, ƙananan baƙaƙen kaya masu ƙafafu da yawa, masu tura wuta ga kowane layi na kwance. In IC ɗaya ya haɗe, yakan ja fanel ɗin Y ya mutu tare da shi. Mai gaggawa sai ya sayo sabon Y ya ɗaura a kan mataccen bafa, sabon ya bi tsohon nan take, ya koma ya ce wa mai kaya an sayar masa da jabu. A teburinku mun ga akasin haka a kan wata Panasonic mai inci 50 da ke ƙiftawa sau 7. Maigida ya kwantar da bafofin biyu a ƙarƙashin fitila, ya juya mita zuwa gwajin dayod, ya dafa tsinke ɗaya a ƙasan bafan, ɗayan kuma ya riƙa jan sa a hankali bisa ƙafafun soket, ƙafa bayan ƙafa, idonsa a kan mita. Lamba tana fitowa kusan iri ɗaya, iri ɗaya, har ya iso wani wuri mita ta yi ƙara. Ya ɗauko madubin ƙara girma, sai ga wani ɗan huji a bayan IC ɗin, bai fi bakin allura ba, da ɗan baƙi a farin roban da ke kewaye da ƙafafunsa. Gwajin bai ci minti goma ba, ya tsare kuɗin fanel guda.

Akwai kuma maganar dunƙule, wadda ake rainawa. A plasma, dunƙulen da ke riƙe fanel ɗin Y da X da bafa a jikin ƙarfen baya ba riƙo kawai suke yi ba, ta cikinsu wuta mai yawa ke komawa ƙasa. In ɗaya ya saki saboda zafi da sanyi na shekaru, wurin yakan yi tartsatsi ya baƙanta, daga nan taransisto su fara mutuwa. Yaranku suna jera dunƙulen a kwalin ƙwai, kowane fanel da raminsa, kuma ba a kunna talabijin don gwaji sai an mayar da kowanne an ɗaure. In mazaunin dunƙule ya yi baƙi a goge shi, a sake masa dalma.

Bayan ɗaura kaya ba ku rufe baya ku miƙa ba. Kowane gilashin plasma yana da 'yar takarda manne a bayansa da ke ɗauke da wutar da shi kansa yake so: Vs, da Va wadda takan kasance tsakanin bolt 50 da 70, da sauran su Vsc da Ve. Gilashi biyu na samfuri ɗaya suna iya bambanta. Kuna barin talabijin ta ɗumama, ku sa farin hoto, ku juya ƙananan maɓallan saiti har mita ta yi daidai da takardar. Rashin yin wannan ne ke kawo jajayen ɗigo masu walƙiya a wurin da ya kamata ya zama baƙi, ko hoto ya riƙa yin dabbare-dabbare. In an saita ɗigon bai tafi ba, kukan koma kan kafasito. Wanda kansa ya kumbura kowa yana ganinsa, amma akwai wanda ya bushe a ciki yana tsaye ƙyam kamar lafiyayye, sai mitar ESR, mai gwada lafiyar kafasito, ke tona shi. Kuma in kun canza, mai jure zafin digiri 105 kuke sawa, ba mai 85 ba. A Katsina, a watan Afrilu, a ƙarƙashin rufin kwano, bambancin nan ba ƙarami ba ne.

Layuka a fuska kuwa, kun koya wa da yawa daga cikinmu karanta su. Layi a kwance, ko rabin fuska na sama ko na ƙasa ya yi duhu, a duba bafa. Faffaɗan baƙin shafi a tsaye, a duba ribon, wato faffaɗar wayar, da ke tsakanin fanel ɗin lojik da fanel ɗin adireshi na ƙasa, sau da yawa cirewa da gogewa da mayarwa ya wadatar. Hoto ya yi duhu-duhu da ja-ja amma ana gane shi, a tuhumi fanel ɗin X. Siririn layi ɗaya tak a tsaye kamar zare, wannan galibi daga IC ɗin da ke manne da gilashin ne ko gilashin kansa, kuma ba ku ɓoye wa mai kaya cewa ya haƙura ya ci gaba da kallo a haka.

Mun kuma yaba da yadda kuke neman kaya. Pioneer ta sanar da fita daga harkar tun 2009, Panasonic ta daina ƙera gilashin plasma a ƙarshen 2013, Samsung da LG kuma suka daina a 2014. Ke nan sabon fanel daga kamfani ya zama tarihi, sai na cirewa daga wata talabijin da gilashinta ya fashe, ko abin da aka samo daga Sabon Gari a Kano ko kasuwar Alaba a Legas. Ba ku yarda da "ai kamarsu ɗaya" ba. Lambar jikin fanel kuke bi, TNPA a Panasonic, EBR a LG, LJ92 a Samsung, har haruffan ƙarshe. In babu, kukan gyara tsohon: a canza taransisto da dayod ɗin da suka haɗe gaba ɗaya tare da ƙananan rizisto da ke tura su, a goge tsohon man da ya bushe a ƙarfen shan zafi a shafa sabo. In kuma lissafin gyara ya doshi kuɗin LED mai girman nan, kukan faɗa, ko da aikin zai kuɓuce muku.

Shawarwarin da kuke ba masu gidan kallo ma sun cancanci a maimaita su a nan. Tsohuwar plasma mai inci 50 tana iya jan wat 300 zuwa 500, kuma yawancinsa zafi yake zama. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan baya ta daskare a fanka, sai bazara ta zo ta tarar da talabijin ba ta numfashi. Don haka a kawo ta a hure ta da bulowa a goge da burushi mai laushi da zarar hunturu ya wuce, kafin zafin Maris, kuma a bar mata aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango. A kashe ta kafin a sauya daga wutar layi zuwa janareta, kada kuma a bar janareta ya shanye mai yana tari alhali tana kunne. 'Yar Kwatano da aka yi don Amurka, a karanta takardar bayanta: in an rubuta bolt 120, ba ta shiga soket ɗinmu na 230 sai da taransifoma mai rage wuta, wasunsu ma ba sa karɓar hoton dikoda mai 50Hz. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare wayar dish da ta HDMI, don ta nan wuta ke bi ta kashe babban fanel.

Tambarin tasha da akwatin cin ƙwallaye da ke zaune a kusurwa ɗaya tun daga wasan Firimiya na rana har na dare, su ke barin inuwa a fuska. In sabuwar inuwa ce, farin shafin da ke yawo daga gefe zuwa gefe, wanda ke cikin saitin yawancinsu, yana wanke ta. In ta tsufa, garin launin wurin ne ya cinye, babu mai mayar da shi. Maganin tun farko ne: a sauke hoto daga saiti mafi ƙyalli zuwa matsakaici, a kunna saitin da ke ɗan motsa hoton.

Sai ɗauko ta. Plasma ba ta kwanciya. Gilashin yana da faɗi da nauyi, in aka shimfiɗa ta a bayan a-kori-kura aka faɗa rami ɗaya, tsakiyarta ke tsagewa. A tsaye ake ɗaukarta, mutum biyu, da bargo ko katifa a gefe da gefe. Mun lura in aka kawo muku ita a kwance, kuna haska gilashin da tocila a gaban mai ita kafin ku karɓa, don kada a zo ana musu daga baya.

Ƙorafinmu ɗaya ne, Maigida, kuma na ƙauna ne. Aiki yana daɗewa, musamman in gasar Zakarun Turai ta kankama kowa ya kwaso tasa lokaci guda. Mun san gwajin awanni da kuke yi wa kowace talabijin kafin ta fita yana cikin dalili, ba mu ce a rage shi ba. Roƙonmu a ƙara teburi ɗaya, a kuma ɗauki ƙarin yara biyu ko uku a koya musu gwajin bafa da saitin wuta, ko daga cikin namu ne, mu za mu kawo su.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku da yaranku daga sharrin wuta, ya sa albarka a sana'a.

Wassalam.

Naku,
Masu kafa dish da rataya talabijin, da ƙananan masu gyara na cikin birnin Katsina.