Takardun Talla Sun Cika Mana Magudanai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kuka a kan takardun tallar da ake tura mana gida ba mu nema ba. A Mabera nake zaune. Kusan kullum in na fito sallar asuba sai in tarar an cusa takardu ta ƙarƙashin ƙyauren zaure: ta makarantar kuɗi, ta mai maganin basir, ta masu ba da bashi. Akwatin gidan wayan ofishinmu ma bai tsira ba.

Ba wanda ke karanta su. Iska ta kwashe su zuwa lambatu, su haɗu da ledar ruwa su toshe hanya, kuma kowa ya san halin unguwarmu idan ruwan Agusta ya sauka. Masu ƙyallin nan sun fi muni, ba sa saurin ruɓewa, in an ƙona su hayaƙin ya shaƙe mutum. Rannan na ga akuyar maƙwabcina tana tauna ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, wasu da Bismillah a samansu, ga su a ƙasa ana takawa. Takarda kuma daga itace ake yin ta, mu da hamada ke matso mu.

Masu talla su koma rediyo da WhatsApp, ko su miƙa wa wanda ya karɓa hannu da hannu. Hukuma kuma ta ci tarar duk wanda aka ga sunansa da lambarsa a takardun da aka watsar. Ni dai na rubuta a ƙofata: Ba a saka talla a nan.

Naka,
Wani mai karatu,
Mabera, Sakkwato