Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Kamfanin Da Ya Ƙera Rimot Ɗin Kyamarata

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga shugabanni da ma'aikatan wannan kamfani, musamman sashen da ke sauraron koke-koken masu sayen kayanku, na ga ya dace in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukuici ne, kuma ina fatan wani mai ɗaukar hoto da ya faɗa cikin irin matsalar da na faɗa ya amfana da abin da kuka koya mini.

Na daɗe ina ɗaukar hoto, kuma abubuwa biyu ne suka fi jan hankalina, wato sararin sama da dare da ƙananan tsuntsaye. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san cewa girgiza ce ke ɓata shi. Ko da an ɗora kyamara a kan matsayi mai ƙafa uku an ɗaure ta tamau, yatsan da zai danna maɓalli sai ya motsa ta, kuma idan ƙofar haske, wato marfin da ke buɗewa a cikin kyamara domin haske ya shiga, za ta zauna a buɗe tsawon daƙiƙa 10 ko 20, ko kuwa gilashin da aka sa mai jawo nesa ne kamar na milimita 300, wannan ɗan motsi da ido ba ya gani sai ya fito a hoton ɓaro-ɓaro, tauraro ya koma kamar tsutsa. Na yi amfani da agogon jinkiri na daƙiƙa 2 da ke cikin kyamarar har na gaji, domin yana yin aiki a kan abin da ke tsaye wuri ɗaya, amma tsuntsu ba ya jiran a ƙirga masa. Wannan ne ya sa na sayi rimot ɗinku marar waya mai aiki da igiyar rediyo, wanda yake da sassa biyu, ɗaya a hannu mai aika saƙo, ɗaya kuma mai karɓa wanda ake haɗawa da kyamara da wata gajeriyar waya.

Da rana na gwada shi ya yi aiki lafiya lau. Da dare ya yi na fita na shirya komai, na danna har sau ba adadi, kyamara ta yi shiru. Na sauya batir, na zare waya na mayar, duk a banza, na dawo raina a ɓace, na rubuto muku cewa kayanku sun lalace kuma ina son a musanya mini.

Amsar da na samu ita ce tushen wannan godiya. Malamin da ya karɓi kokena bai yi gaggawar kare kamfani ba, bai kuma ɗora mini laifi ba, sai ya yi mini tambayoyi uku cikin ladabi: wace irin kyamara ce, shin ƙaramar fitilar mai karɓar saƙo tana ƙyaftawa idan na danna, kuma shin madannin da ke jikin gilashin yana kan AF ne, inda kyamara ke saita gani da kanta, ko MF, inda mutum ke saita shi da hannu. Da na amsa, sai ya bayyana mini cewa ƙyaftawar fitilar shaida ce saƙo yana isa, matsalar tana wajen saitin gani. Maɓallin rimot yana aiki ne kamar na jikin kyamara, rabin dannawa ya saita gani, cikakkiyar dannawa ta ɗauki hoto, kuma kyamarori da yawa idan suna kan AF ba sa yarda su ɗauka sai sun tabbatar abin da ke gabansu ya fito sarai, abin da ba sa iyawa a cikin duhu. Ya ce in mayar da madannin kan MF, in kunna allon baya, in ƙara girman tauraro mafi haske, in riƙa juya zoben gilashin a hankali har tauraron ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan in cire hannuna daga zoben. A daren na gwada, dannawa ɗaya kyamara ta amsa.

Da a nan ya tsaya ma da ya sauke nauyin da ke kansa, amma da ya fahimci irin hoton da nake nema sai ya ci gaba da yi mini bayani. Ya nuna mini cewa yawancin kyamarori ba sa wuce daƙiƙa 30 da kansu, wanda yake son fiye da haka sai ya koma kan alamar B, inda ƙofar haske ke zama a buɗe muddin ana riƙe da maɓalli, kuma a nan rimot ya fi amfani, tunda yana riƙe ta a buɗe na mintuna ba tare da an taɓa kyamarar ba. Ya gargaɗe ni cewa idan saitin rage dusar hoto na dogon buɗi, wato mai goge ƙananan ɗigogin da ke ɓata hoton, yana kunne, hoton minti 4 zai sa kyamara ta ƙara wasu mintuna 4 tana aiki allonta a duhu, kada in zaci ta daskare in kashe ta. Ya tuna mini cewa duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka ko babu girgiza ko kaɗan taurari za su fara jan layi idan buɗin ya yi tsawo, kuma da gilashi mai faɗin gani kimanin daƙiƙa 20 ya isa ga mai son su fito ɗigo-ɗigo. Tun da kyamarata mai madubi ce a ciki, wanda ke ɗagawa ya ɗan girgiza ta a lokacin ɗaukar hoto, ya ba ni shawarar in kunna saitin ɗage madubi, dannawa ta farko ta ɗaga shi, in ɗan dakata motsin ya lafa, ta biyu ta ɗauki hoton.

Abin da ya fi ƙara muku daraja a idona ya faru ne da na tambaya ko in sayi rimot ɗinku mai aiki da hasken infirared in ajiye saboda tsaro. Amsar da aka ba ni ita ce ba ni da buƙatarsa. An bayyana mini cewa irin wannan ba ya wuce kimanin mita 5, dole ne ya kalli idon da ke karɓar haskensa, wanda galibi a gaban kyamara yake, kuma rana mai ƙarfi tana rage masa kuzari, don haka ya fi dacewa da mai son shiga cikin hoto tare da jama'arsa. Nawa mai aiki a zangon gigahaz 2.4 ba ya buƙatar ya ga kyamara, ko da yake an faɗa mini gaskiya cewa nisan da aka rubuta a kwali na fili ne fetal, bango da itatuwa suna rage shi. Aka ce abin da ya kamata in ajiye shi ne ƙarin batir da ƙarin gajeriyar wayar nan, tare da lura cewa bakinta ya bambanta daga wata kyamara zuwa wata. Ɗan kasuwar da zai hana ka sayen kayansa saboda ba za su amfane ka ba, ya cancanci a faɗi alherinsa.

Da wannan ilimi na koma kan tsuntsayena. Na kafa kyamara kusa da inda suke saukowa shan ruwa, na saita gani a kan reshen da suka saba sauka, na kashe saitin da ke sa kyamara barci idan ta jima ba a taɓa ta ba, na sa ta a kan ɗauka a jere, sannan na ja da baya kimanin mita 20 na zauna a ɓoye. Tsuntsayen da a da ko inuwata ba sa bari ta kusance su suka sauko hankalinsu kwance, kuma na samu hoton ɗaya yana buɗe fukafukai, ana ganin kowane gashi da ɗigon ruwan da ke bakinsa. Shekaru na yi ina neman irin wannan hoto.

Roƙona ɗaya gare ku shi ne ku sa batun AF da MF a shafin farko na takardar bayanin da ke zuwa cikin kwali, da manyan haruffa, domin na tabbata akwai masu mayar da rimot lafiyayye saboda wannan dalili kaɗai. Ina kuma roƙon shugabannin sashen su isar da gaisuwata ta musamman ga malamin da ya yi haƙuri da tambayoyina har na gane. Allah ya saka masa da alheri, ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Naku mai godiya,
Wani abokin cinikinku mai ɗaukar hoto