Gaisuwar Sallah daga Beljiyam da bayanin wainar ƙwai mai ramuka

Burasal, 1 ga Shawwal

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina yi muku barka da Sallah, da fatan Allah ya karɓi ibadunmu na watan Ramadan, ya maimaita mana ta baɗi cikin ƙoshin lafiya. Maigidana da jikokinku duk suna lafiya, kuma sun ce in miƙa gaisuwarsu gare ku da dukan mutanen gida.

Inna, saƙonki ya iso ni ta wayar Auta, inda kike tambayar abin da ke cikin farantin da kika gani a hoton da na turo da safe, har kike cewa ko dai mutanen nan sun koya mini cin wani abin da ba ki sani ba. Ki kwantar da hankalinki, wainar ƙwai ce, da albasa da attaruhu kamar yadda kika koya mini. Ramukan da kika gani a jikinta sun samo asali ne daga ƙarfen da na gasa ta a ciki, kuma tun da kin tambaya, bari in yi miki bayani filla-filla.

Mutanen Beljiyam suna da wata waina ta fulawa da ƙwai da man shanu wadda ake kira wafil, suna alfahari da ita ƙwarai, kuma da wuya mutum ya ratsa tsakiyar gari ko tashar jirgin ƙasa bai ji ƙamshinta ba. Iri biyu ne suka fi shahara. Ta Burasal mai kusurwa huɗu ce, ba ta da nauyi, ramukanta masu zurfi, ana barbaɗa mata garin sukari a sama, ta garin Liyej kuwa ta fi kauri da zaƙi, domin ana cusa ƙananan dunƙulen sukari a cikin kwaɓin, su narke su yi ja a jikinta. Abin da ake gasa ta a ciki ya yi kama da tandar masa, sai dai tanda biyu ce da aka haɗa ta gefe ɗaya, tana buɗewa da rufewa kamar ƙyaure, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, a rufe su a kan kwaɓin, saboda haka ƙarfen yana gasa sama da ƙasa, babu buƙatar juya wainar a cikinsa. Na dā na ƙarfe ne zalla mai dogayen hannaye da ake riƙewa a kan garwashi, na yanzu kuwa da lantarki yake aiki. Abin ya daɗe a ƙasar nan, domin a wani zane da mai zane Pieter Bruegel ya yi a 1559 ana ganin wata mata tana gasa wafil a bakin wuta, a bikin da Kiristoci suke yi gab da shiga azuminsu, lokacin da ake ƙoƙarin cinye ƙwai da mai kafin a hana cin su. Su da ƙarfen suke shiga azumi, mu kuma yau da shi muka fita daga namu.

Dalilin da ya sa na ɗauko shi da asubar yau shi ne ƙarancin lokaci. Baba ya sha gaya mana cewa sunna ce mutum ya ci wani abu kafin ya fita Idin ƙaramar Sallah, kuma mun fara da dabino mara kamar yadda aka koyar. To amma a nan ranar Sallah ba ranar hutu ba ce a hukumance, maigidana rabin yini kawai ya ɗauka daga wurin aiki, ga shirya yara, ga hanyar masallaci da sai an shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Dabino kaɗai ba zai riƙe yara har azahar ba, tsayuwa a gaban kasko kuma tana cin lokaci. Ƙarfen nan kuwa, da zarar an zuba an rufe, sai mutum ya juya ya ɗaura wa yarinya ɗankwali kafin ƙwai ya nuna.

Ga yadda nake yi. Nakan fasa ƙwai a kwano in kaɗa shi sosai da gishiri da magi, sannan in yanka albasa da tattasai da attaruhu ƙanana ƙwarai, saboda manyan yanka suna tokare murfin, su hana shi sauka daidai, sai gefe ɗaya ya gasu ɗayan ya tsaya ɗanye. Attaruhun daga shagunan 'yan Afirka na unguwar Matonge nake sayo shi, domin barkonon manyan kantuna ba ya da yajin da bakinmu ya saba da shi. Tumatir kuwa ba na sa shi sai na cire 'ya'yan da ruwan cikinsa, in ba haka ba zai jiƙa ƙwan ya hana shi kamawa. Kafin in zuba, sai na bari ƙarfen ya yi zafi har ƙaramar fitilar jikinsa ta nuna ya shirya, sannan in shafe shi da mai sama da ƙasa, har cikin kowane rami, domin ƙwai ya fi kwaɓin fulawa saurin mannewa.

Wurin zubawa shi ne inda ake buƙatar hankali. Ƙwai yana kumbura idan ya ji wuta, musamman wanda aka kaɗa shi da kyau, saboda iskar da ta shiga cikinsa da tururin da ke tashi suna tura shi sama. Don haka ana zuba daidai abin da zai rufe ƙusoshin tandar ƙasa, waɗanda suke yin ramukan, ne kawai, ba a cika shi fal, kuma ana sauke murfin a hankali ba tare da dannawa ba, in ba haka ba ruwan ƙwan zai tsiyayo ta gefe ya ɓata teburi. Cikin minti 2 zuwa 3 za a ga tururin da ke fitowa ta gefe ya ragu, alamar ya nuna ke nan. Ana ɗaga shi da cokalin katako, ba na ƙarfe ba, saboda kada a kankare baƙin shafen da ke hana abinci kamawa. Idan an gama, sai a zare wayar daga bango, a bari ya huce, a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ba a tsoma shi a ruwa ko kaɗan.

Game da ɗanɗano kuwa, gaskiya ita ce wadda ake soyawa a kasko da wadataccen mai ta fi laushi da daɗi a bakina, domin wannan takan ɗan bushe, musamman idan aka ƙara mata minti ɗaya a kan ƙa'ida. Amfaninta yana cikin ramukan. Gefunansu suna yin ja su yi ƙaras-ƙaras, kuma idan aka zuba miyar tumatir ko aka barbaɗa yaji, sai ya zauna a ciki bai zube ba. Tana shiga tsakanin biredi daidai wa daida, kuma mai kaɗan take sha, abin da ya yi wa maigidana daɗi tun da likita ya ce ya rage maiƙo. Jikanki namiji, wanda kin san yadda ake fama da shi kafin ya ci ƙwai, yau da kansa ya miƙo faranti yana neman ƙari, yana cin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyata 'yar ƙasar nan ta yi dariya da na ba ta labari, ta ce a gidansu ƙarfen na wafil ne kawai, amma ta karɓi yanki ta ci, attaruhun ya sa ta neman ruwa.

Yaya ta rubuto cewa in sayo mata irinsa idan za mu zo gida. Zan kawo in sha Allahu, kuma ƙarfin wutar nan, wato volt 230, ya yi daidai da na gida, sai dai kan filogin ne zai buƙaci mahaɗi. Amma ina ba ta shawara ta yi tunani, domin yana jan wuta sosai, ƙaramin janareta zai sha wahala da shi, kuma idan aka ɗauke wuta ƙwai yana ciki, an yi asarar ƙwan. Akwai na baƙin ƙarfe wanda ba ya buƙatar lantarki, ana ɗora shi a kan gas ko garwashi a riƙa juya shi, kuma a ganina shi ya fi dacewa da gidanmu, ko da yake yana da nauyi a jaka. Ina jiran ta faɗa mini wanda ta zaɓa.

Da rana na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, don kada Inna ta ɗauka da ƙwai kaɗai muka yi Sallah. Goron Sallar yara na tura ta hannun Yaya, ta raba musu. A gaida Gwaggo da Kawu da maƙwabta baki ɗaya, kuma ina roƙon ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
'Yarku mai biyayya