Tsarin tarayya: wa ke riƙe da kuɗi, wa ke raba gardama?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu gyara wata fahimta da ke yawan fitowa duk lokacin da aka tayar da zancen tsarin tarayya. Masu sharhi da dama suna magana kamar jihohi rassan gwamnatin tsakiya ne, ita ke yanka musu iko ta miƙa, in ta ga dama ta karɓe abinta. Wannan siffar ƙasa mai dunƙulallen mulki ce, irin Faransa, inda larduna ke aiki da abin da dokar majalisar ƙasa ta ɗora musu. A tarayya kuwa, gwamnatin tsakiya da na jihohi daga tushe ɗaya suke samun iko, wato rubutaccen kundin tsarin mulki, kuma babu ɓangaren da zai sauya wannan rabo shi kaɗai.

Don haka kundin ne ke sama, ba gwamnatin tsakiya ba. Sashe na 1 na kundin Najeriya na 1999 ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin ta rushe gwargwadon karon da ta yi, kuma wannan ya hau kan dokar Majalisar Tarayya kamar yadda ya hau kan ta majalisar jiha. Gaskiya ne sashe na 4 ya fifita dokar tarayya idan ta yi karo da ta jiha, amma da sharaɗin cewa tarayya na da hurumin yin dokar tun farko. Mutane sukan riƙe fifikon su manta da sharaɗin.

Rabon hurumin kansa yana da hanyoyi. Ana ware abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar tsaro, hulɗa da ƙasashen waje, buga kuɗi da kwastan, wato jerin tarayya. Ana ware waɗanda ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai, wato jerin haɗaka. Sai kuma tambayar da ta fi nauyi: abin da ba a ambata ba ko kaɗan, na wa ne? Amurka ta amsa da gyara na goma a 1791, ta bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a ba tarayya ba. Kanada a 1867, da Indiya daga baya, sun bar ragowar a hannun tsakiya. Najeriya ta bar wa jihohi, sai dai ta riga ta jera abubuwa 68 a jerin tarayya, har da 'yan sanda da ma'adanai, ta yadda ragowar ba ta da kauri sosai.

A nan ake fara samun ɓaraka, kuma yawanci ba ta hanyar karya kundi ba. Kusan kowane kundi yana da wata jimla da ke ba tarayya damar yin dokar da ta zama dole domin aiwatar da ikon da aka ba ta. A 1819 Kotun Ƙolin Amurka ta dogara da irin wannan jimla ta halatta wa tarayya kafa banki, alhali kundin bai ambaci banki ba, ta kuma hana jihar Maryland ɗora wa bankin haraji. Hukuncin yana da hujja, amma ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Haka jerin haɗaka yake: da zarar tarayya ta yi doka mai cike duk fagen, dokar jiha a wannan fage sai ta kwanta. Jerin haɗaka mai tsawo, in ba a sa masa iyaka ba, jerin tarayya ne da ke jiran lokacinsa.

Amma inda tarayya ke rayuwa ko ta mutu shi ne wajen kuɗi, kuma nan ne muhawarar jama'a ta fi rauni. Ana iya rubuta cewa ilimin firamare da asibitoci da hanyoyin karkara na jihohi ne, amma idan manyan hanyoyin haraji duk suna hannun tsakiya, jiha ta zama mai jiran kaso. Ostareliya ta ga haka a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da gwamnatin tarayya ta karɓe harajin kuɗin shiga gaba ɗaya, babbar kotu ta amince, kuma har yau jihohin ba su koma karɓarsa ba. Ba a taɓa ko harafi ɗaya na kundin ba, amma ma'aunin iko ya karkata.

Mai ba da kuɗi kuma yakan sa sharaɗi. A 1984 majalisar Amurka, wadda ba ita ke ƙayyade shekarun sayen barasa a jihohi ba, ta yi dokar rage kuɗin gina manyan hanyoyi ga duk jihar da ba ta ɗaga shekarun zuwa 21 ba. Kotun Ƙoli ta amince a 1987, jihohin kuma duk suka bi. Ko mutum ya yaba wa manufar, ya kamata ya lura da hanyar: abin da tsakiya ba ta iya umarta ba, ta saye shi.

A Najeriya sashe na 162 ya tanadi asusun tarayya inda ake tara kuɗin shiga a raba. Tsarin rabon da aka daɗe ana aiki da shi ya ba tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire aƙalla kashi 13 na kuɗin albarkatun ƙasa ga jihohin da aka haƙo su. Rabo ba laifi ba ne. Jamus ma tana daidaita tsakanin jihohi masu ƙarfi da masu rauni, Indiya kuma tana kafa hukumar kuɗi duk bayan shekara biyar ta sake duba rabon, kuma wannan sake dubawa a kan kari abin koyi ne. Illar tana zuwa ne idan kason ya zama kusan duk abin da jiha ke ci. Gwamnan da ba daga aljihun mutanen jiharsa yake tara kuɗi ba, ba ya jin dole ya yi musu bayani, su ma ba sa jin zafin da zai sa su tambaya. A ganinmu wannan ya fi tsawon jerin tarayya lahani.

To idan ɓangarorin suka saɓa, wa zai raba? Dole a sami alƙalin da ba yaron kowa ba. Sashe na 232 ya ba Kotun Ƙolin Najeriya hurumin sauraron ƙara kai tsaye tsakanin tarayya da jiha, ko tsakanin jiha da jiha. Jamus ta ƙara tsaurara abin: alƙalai 16 na kotun tsarin mulkinta, rabi majalisar wakilai ke zaɓa, rabi majalisar jihohi, da rinjayen biyu bisa uku, kuma wa'adi ɗaya ne na shekara 12 ba sabuntawa, don kada alƙali ya yi hukunci yana hangen wanda zai sake naɗa shi. Sai dai kotu ba ta da soja ba ta da baitulmali. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas, amma sai a 2007, bayan an sami sabon shugaba, aka saki ragowar kuɗin. Hukuncin da mai iko zai iya jinkirta bi har shekara uku ya koya wa kowace jiha cewa neman sulhu da fadar shugaban ƙasa ya fi zuwa kotu sauri.

Dokar ta-ɓaci ita ce ƙofar da ta fi haɗari. Sashe na 356 na kundin Indiya ya ba tsakiya damar karɓe mulkin jiha, kuma an yi amfani da shi fiye da sau ɗari, sau da yawa kan jihohin 'yan adawa, har sai da Kotun Ƙoli a shari'ar Bommai ta 1994 ta ce kotu na iya bincikar dalilin, kuma a zauren majalisar jiha ake gwada ko gwamnati na da rinjaye. Sashe na 305 na Najeriya ya buƙaci amincewar biyu bisa uku na kowane zaure, ya kuma sa wa'adin wata shida. Bai faɗi makomar gwamna a fili ba, shi ya sa aka dakatar da na Filato a 2004, aka bar na Borno da Yobe da Adamawa a kujerunsu a 2013. Giɓi irin wannan a rubuce ya kamata a cike shi, ba a bar wa ra'ayin wanda ke kan mulki ba.

Majalisar dattawa an yi ta ne don jihohi su sami murya a tsakiya: biyu-biyu a Amurka, uku-uku a Najeriya da ɗaya na Abuja, jimilla 109. A aikace sanatoci sun fi bin jam'iyya. Ta Jamus ta fi kare jihohi, domin gwamnatocin jihohin ne da kansu ke zama a cikinta, kowace da ƙuri'a uku zuwa shida da ake jefawa a dunƙule.

Gyaran kundi kuma da gangan aka wahalar da shi. Amurka na buƙatar biyu bisa uku na zaurukan biyu da jihohi 38 cikin 50. Najeriya na buƙatar biyu bisa uku na kowane zaure da majalisun jihohi 24 cikin 36. A Ostareliya, cikin gyare-gyare 45 da aka kai ƙuri'ar raba gardama, takwas kaɗai suka wuce. Duk da haka hanyar na aiki: ta nan ne a Najeriya a 2023 aka mayar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali zuwa jerin haɗaka, aka kuma faɗaɗa ikon jihohi kan wutar lantarki.

Abu na ƙarshe da masu neman ƙarin iko ga jihohi kan tsallake shi ne cewa rabon iko tsakanin majalisa da zartarwa da shari'a ya wajaba a cikin jiha kamar yadda ya wajaba a tsakiya. Idan majalisar jiha da kotunanta sai gwamna ya sa hannu suke samun kuɗin aiki, miƙa wa jihar sabon iko miƙa shi ne ga mutum ɗaya. Sashe na 7 na kundin Najeriya ya tabbatar da zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi, amma an shafe shekaru ana naɗa kantomomi, har Kotun Ƙoli ta haramta hakan a Yulin 2024. Saboda haka duk mai kawo shawarar 'yan sandan jihohi, bai isa ya ce a gyara sashe na 214, wanda ya kafa rundunar 'yan sanda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, da jerin tarayya ba. Ya gaya mana wa zai naɗa kwamishina, da amincewar wa, wa zai iya cire shi kuma da wane rinjaye, daga wane asusu za a biya albashi, wace hukuma za ta saurari koken wanda aka zalunta, kuma a wane yanayi rundunar tarayya za ta shiga jiha ba tare da iznin gwamna ba.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin dokokin tsarin mulki