Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Baƙin Tsirrai a Filayen Ciyawar Bahar Rum

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa idan baƙon tsiro ya mamaye filin ciyawa a ƙarƙashin teku, ina asarar take, tunda kore ne ya maye gurbin kore. Manoman Hadeja da Nguru, waɗanda kacalla ta toshe wa hanyoyin ruwa, sun san ba kowane kore ne alheri ba.

Ciyawar da ake kira Posidonia oceanica ba ta fitowa ko'ina a duniya sai a Bahar Rum. Ganyenta kan kai tsawon mita guda, ƙananan kifaye suna fakewa a cikinsa har su girma, saiwoyinta kuma suna saƙa shimfiɗa mai kauri wadda ke riƙe yashi, ta rage wa igiyar ruwa ƙarfi kafin ta ci gaɓa. Sai dai ba ta yaɗuwa fiye da 'yan santimita a shekara, saboda haka wurin da angar jirgi ta yage cikin minti ɗaya yakan ɗauki shekaru masu yawa bai rufe ba.

A irin waɗannan ɓarakoki baƙi suka fi samun wurin zama. A 1984 aka fara ganin gansakukar Caulerpa taxifolia a gaɓar Monako, kusa da gidan adana halittun teku, kuma nau'in da ake ƙawata tankunan kifi da shi ce. Tana ɗauke da guba mai sa yawancin halittun teku masu cin ciyawa su guje ta, kuma guntunta da ya maƙale a anga ko a taru ya isa ya kafa sabon fili. Yayin da ake ta gardama kan wanda ke da laifi, ta kai Italiya, Sifaniya, Kuroshiya da Tunisiya. Da ta ɓulla a Kaliforniya a 2000, nan take aka lulluɓe ta da tamfol, aka zuba mata sinadarin kilorin, a 2006 aka sanar da kawar da ita.

Akwai kuma ciyawar teku Halophila stipulacea, 'yar Bahar Maliya, wadda ta bi mashigin Suwes da aka buɗe a 1869 ta shigo Bahar Rum, har ta isa tsibirin Girenada a 2002, ta shiga ture ciyawar gida a tsibiran Karebiyan.

Abin da ya fi damuna shi ne jiragen shaƙatawa da har yanzu ke jefa anga a tsakiyar Posidonia. Hana wannan, da wanke anga da taru kafin barin tasha, sun fi tsige baƙon tsiro sauƙi da arha.

Wassalam.