Da kuɗin aron Kawu zan tafi Jamus karatu, amma bai san ba za su dawo da wuri ba

Assalamu alaikum Malam,

Ina yi maka fatan alheri, kai da duk masu bibiyar wannan fili. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, na yi digirin farko a fannin injiniyan lantarki, kuma Allah Ya nufa wata jami'ar gwamnati a Jamus ta ba ni gurbin digiri na biyu, karatun shekara biyu da harshen Turanci. A watan Oktoba za a fara. Kowa a gidanmu murna yake yi, ni kuwa akwai maganar da ta tokare min ƙirji, na rasa bakin da zan faɗe ta.

Abin da ya ja hankalina zuwa Jamus shi ne yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai 'yan ɗaruruwan Yuro na hidimar ɗalibai kowane zango. Na ma yi sa'a tawa ba a jihar Baden-Württemberg take ba, inda tun 2017 ake karɓar Yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da suka zo daga wajen Tarayyar Turai. To amma kafin a ba mutum biza, sai ya nuna yana da abin da zai ci ya biya haya na shekara guda. Hanyar da aka fi bi ita ce a zuba kuɗin a wani kullallen asusu, kuma tun watan Satumban 2024 adadin ya zama Yuro 11,904.

Mahaifina ba shi da wannan kuɗi, ko rabinsu. Sai Kawu, yayan mahaifiyarmu, ya ce kada hakan ya hana yaro tafiya, zai cire daga jarinsa ya ba mu aro. Sharaɗinsa ɗaya: da zarar na sauka lafiya in maido masa, ya ba ni wata uku. Shi a saninsa, ana nuna kuɗin ne kawai a ga akwai su. Kuma ba shi da laifi, domin lokacin da ɗan wani amininsa zai tafi Ingila haka aka yi: kuɗin suka zauna a banki kwana 28 a jere kamar yadda dokar can ta ce, aka fitar da takardar banki, biza ta fito, mai kuɗi ya kwashe abinsa. Kawu ya ɗauka Turai duk ɗaya ce.

A Jamus ba haka ba ne. Kuɗin in sun shiga sun shiga ke nan. Sai na isa, na buɗe asusun banki a can, sannan za a riƙa sakar min Yuro 992 duk wata, ba ƙari, har shekara ta zagayo. Ko da zan kwana da yunwa in turo wa Kawu duk abin da aka sakar min, a wata uku abin da zai dawo hannunsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kuma ai ba a ware kuɗin don biyan bashi ba, na rayuwata ne. A ciki zan biya hayar ɗaki, wadda ita ce za ta cinye kaso mafi girma, da inshorar lafiya da ba a yi wa ɗalibi rajista sai da ita, wadda ta haura Yuro 100 a wata, har da harajin rediyo da talabijin na Yuro 18.36 da ke kan kowane gida, ko mutum ya kunna ko bai kunna ba.

Wani abokina da ke can ya ce in daina wahalar da kaina. Wai in karɓa in yi shiru, in na je in nemi aiki, in rayu da albashi, in riƙa tura wa Kawu na asusun wata-wata, in ya ga kuɗi na shigowa zai haƙura. Na zauna na buga lissafin. Doka ta ba ɗalibin waje damar aikin kwana 140 cikakku a shekara, ko rabin yini 280, kuma a lokacin karatu ba a so ya wuce awa 20 a mako. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 12.82 ne a awa. Ke nan idan na samu awa 80 a wata, zan tashi da Yuro 1,000 da 'yan kai. A takarda abin ya yi daidai. Amma lissafin yana tsaye ne a kan in samu aiki tun makon farko, ni da Jamusancina bai wuce gaisuwa da ƙirge ba, kada in yi rashin lafiya, kada lokacin jarrabawa ya sa in rage awanni. Sannan abin da abokin nawa bai faɗa ba sai da na matsa masa: in an zo sabunta takardar zama don shekara ta biyu, ofishin baƙi zai sake tambayar da me zan rayu. Idan na maida wa Kawu komai, me zan nuna musu?

Ga kuma maganar ɗaki, da ita ma take neman kuɗi tun kafin in tashi. Na sa sunana a layin ɗakunan ɗalibai, an ce in jira, masu jira suna da yawa. Sai na ga tallan wani ɗaki a intanet, hotuna tsaf, ga taga babba, ga teburin karatu, kuɗin kuma da sauƙi har ya ba ni mamaki. Mai ɗakin ya ce ba ya ƙasar, in tura kuɗin ajiya na wata biyu zai aiko min da makulli ta gidan waya. Da na ce ya nuna min ɗakin ta kiran bidiyo, sai ya ce akwai mutum biyar da ke jira, in ba na so in faɗa. Ban tura ba. Amma dole in samu wuri na gaske, domin cikin mako biyu da tarewa ake so mutum ya yi rajistar adireshinsa, da takardar shaida daga mai gida, kuma abubuwa da yawa ba sa tafiya sai da wannan rajista.

Malam, abin da ya fi damuna ba lissafin ba ne. Baba ya riga ya gaya wa kowa. Hoton takardar gurbin na cikin wayarsa, duk baƙon da ya zo sai ya buɗe ya faɗaɗa da yatsu ya nuna masa sunana. Mama har ta sayo min rigar sanyi mai kauri, ta rataye ta a ɗakinta cikin leda. Na taɓa gwada ɗauko zancen da Baba, na ce kuɗin fa kulle su ake yi. Ya ce, “Kai dai ka je tukuna, Allah Ya san da mu, kada ka tayar wa Kawunka hankali.” Ni kuwa na san jarin Kawu da shi yake ciyar da gida mai yara da yawa. In aka riƙe masa shi shekara, kasuwancinsa na iya durƙushewa, kuma Mama ce za ta shiga tsakanin ɗanta da yayanta.

Zuciyata ta fi karkata ga in je wurin Kawu in shimfiɗa masa komai, ya ba ni a kan sani ko ya fasa. Sai dai yin hakan tsallake maganar Baba ne, kuma ban taɓa yi ba. Idan ya fasa, abin da ya rage shi ne in roƙi jami'ar ta ɗaga min zuwa baɗi, ko in sake nema daga farko, in yi amfani da shekarar in koyi Jamusanci, in nemi tallafin karatu na DAAD, hukumar Jamus mai tallafa wa ɗalibai. Akwai ma hanyar da wani mazaunin Jamus mai albashi zai sa hannu ya tsaya min a madadin asusun, amma ba ni da wanda ya kai in ɗora masa wannan nauyi. Wani lokaci in ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, wani lokaci kuma in tuna ba kullum ake samun irin wannan gurbi ba.

Don Allah Malam ka ba ni shawara. Ta wace hanya zan sa Baba ya yarda mu je wurin Kawu tare, ba tare da ya ga kamar na raina tunaninsa ba? Idan ya ƙi, in je ni kaɗai, ko in bi ta wajen Mama? Kuma idan Kawu ya ji gaskiya ya ce duk da haka in karɓa, alhali na san kunya ce za ta sa ya faɗa, ya halatta in karɓa? Ranar da aka ba ni a ofishin jakadanci ta matso, kuma sai kuɗin sun shiga asusun kafin in je.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Ɗalibi mai jiran biza